Yadda Ake Gyara Tsohuwar Rumfar Ajiya da ta Dabbobi

A ƙasar Maraɗi da wuya a shiga gidan manomi ba a ga rumfa ba. A samanta ake jibge harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa. A ƙarƙashinta awaki da tumaki suke kwana, a nan ne kuma ake ɗaure ragon turke. Idan rumfa ta faɗi, abincin dabbobi na watanni yana iya lalacewa a dare ɗaya. Wani lokaci ta danne dabba, wani lokaci ma yaro. Wannan darasi zai bayyana abin da yake lalata rumfa, da yadda ake duba ta, da yadda ake gyara ta ba tare da an rushe ta duka ba.

Me ya sa gyara ya fi sabon gini?

A da, itacen dirka ba abin saye ba ne. Mutum yakan shiga daji da gatari ya saro kirya ko marke. Fari na shekarun 1973 da 1984, da yawan jama'a, da faɗaɗa gonaki, sun rage waɗannan itatuwa ƙwarai. Yau dirka mai kyau sai da kuɗi, kuma ba kullum ake samunta a kasuwa ba.

Tsohuwar rumfa takan ƙunshi itacen da ba a samun irinsa yanzu cikin sauƙi. Sau da yawa dirka biyu ko uku ne kawai suka lalace, sauran kuwa lafiyarsu lau. Wanda ya rushe rumfar duka ya mai da ita itacen wuta, ya ƙona dukiya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wani dalili kuma. Harawa tana da araha da kaka, amma tana tsada da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji. Mai rumfa mai ƙarfi yana ciyar da dabbobinsa har ruwa ya sauka, ko ya sayar da rarar da riba. A gidaje da yawa, jar akuyar Maraɗi ita ce asusun mace. Saboda haka lafiyar rumfa ta shafi uwargida kamar yadda ta shafi maigida.

Sassan rumfa

Kafin a gyara abu, sai an san sunayen sassansa.

Dirka ita ce itace mai gwafa a kai, wanda ake kafawa cikin ƙasa. Dirkoki su ne ƙafafun rumfa.

Manyan sanduna su ne ake ɗorawa a kwance cikin gwafar dirkoki. Su suke ɗaukar nauyin rufi. Wasu suna sa azara a wannan wuri.

Ƙananan sanduna ana jera su a kan manya, a gicciye.

Rufi shi ne zana, ko kara, ko ciyawa, ko kwano.

Ɗauri shi ne igiyar kaba, ko ta rama, ko ɓawon kalgo, ko waya.

Abubuwa huɗu masu kashe rumfa

Na farko, gara. Gara tana fitowa daga ƙasa. Tana shiga dirka ta gindi, ta cinye cikinta, ta bar waje kamar ba abin da ya faru. Alamarta ita ce hanyar jar ƙasa da take ginawa a jikin itace.

Na biyu, laima. Dirka ba ta cika ruɓewa a sama ba, domin iska tana busar da ita. Ba ta cika ruɓewa can ƙasan rami ba, domin iska ba ta kai wa can sosai. Inda take ruɓewa shi ne daidai bakin ƙasa, wurin da laima da iska suka haɗu. Fitsarin dabbobi da taki suna ƙara wa wannan wuri laima ko da rani.

Na uku, iska. Hadarin farkon damina, a watan Mayu da Yuni, yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Iskar tana shiga ƙarƙashin rufi ta ɗaga shi sama, tana kuma tura dirkoki gefe guda.

Na huɗu, nauyi. Harawar da ruwa ya jiƙa ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba. Sandar da ta ɗauki kayan bara lafiya tana iya karyewa bana, idan ƙwaro ya huda ta.

Kowane wuri da irin matsalarsa

Birnin Maraɗi na yanzu yana kan tudu. Tsohon garin yana cikin kwarin gulbi ne, sai ambaliyar shekarar 1945 ta sa aka tashi aka koma sama. Ƙasar tudu rairayi ce. Ruwa yana shigewa da sauri, amma rairayi ba ya riƙe dirka da kyau. A irin wannan ƙasa sai a zurfafa rami, a kuma cika shi da tsakuwa ko marmara.

A Jiratawa, da sauran garuruwan da suke kusa da Gulbin Maraɗi, akwai wuraren da ƙasarsu laka ce. Laka tana riƙe dirka, amma tana riƙe ruwa. A nan ruɓewa ita ce babbar matsala. Sai a ɗaga daɓen rumfa ya fi tsakar gida tudu, a kuma yi wa ruwa hanya.

A Tibiri ana samun ƙasa iri biyu, ta jigawa da ta fadama. Kowa ya duba irin ƙasar gidansa kafin ya fara aiki. Ruwan sama mai yawa na shekarar 2024 ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi. Wannan ya nuna cewa bai kamata a kafa rumfa a kan hanyar ruwa ba, ko da an yi shekaru ruwan bai bi ta nan ba.

Lokacin da ya dace

A duba rumfa sau biyu a shekara. Sau ɗaya a ƙarshen damina, kafin a ɗora sabuwar harawa. Sau ɗaya kuma da bazara, kafin hadarin farko.

Babban gyara ya fi kyau a watan Maris ko Afrilu. A lokacin kayan da ke sama sun ragu, ƙasa a bushe take, aikin gona kuma bai taso ba, don haka ana samun masu taimako. Amma itacen da za a yi aiki da shi, tun da sanyi ake tanadinsa, domin ya samu lokacin bushewa.

Mataki na 1: A duba, a rubuta

Ku fitar da dabbobi. Ku sauke duk abin da yake kan rumfa. Ku yi hattara, domin maciji da kunama suna son ɓuya cikin tsohon kara. Ku motsa kayan da doguwar sanda kafin ku sa hannu.

Sannan ku bi dirkoki ɗaya bayan ɗaya. Ku tona ƙasa a gindin kowace, zurfin tafin hannu ɗaya ko biyu. Ku soka wuƙa ko babbar ƙusa a wurin. Idan ta ƙi shiga, dirkar tana da lafiya. Idan ta nutse cikin sauƙi, ta ruɓe. Ku ƙwanƙwasa jikin dirkar da bayan gatari. Itace mai lafiya yana ba da ƙara mai ƙarfi. Wanda gara ta cinye yana amsawa kamar ganga. Ku duba gwafa ko ta tsage. Ku duba sanduna: idan gari mai laushi yana zubowa daga ƙananan huda, ƙwaro yana ciki.

Ku sa wa kowace dirka lamba da gawayi: 1, 2, 3, har zuwa ƙarshe. A cikin littafinku ku rubuta lambar, ku rubuta halinta a gaba: mai kyau, ta gyaruwa, ko ta canji. Wannan rubutu zai hana ku mantuwa, zai kuma hana ku sayen abin da ba ku bukata.

Idan fiye da rabin dirkokin sun ruɓe, ya fi kyau a kwance rumfar a hankali, a ware itace mai kyau, a sake kafa ta. Idan ba su kai rabi ba, gyara ya isa.

Mataki na 2: A tokare kafin a taɓa komai

Wannan shi ne matakin da yake kare rai. Kada a cire dirka, ko ɗaya, sai an tokare sandar da take ɗauke da ita. A sa gwafa biyu masu ƙarfi, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A sa faffaɗan dutse ko katako a ƙarƙashin kowace gwafa don kada ta nutse cikin rairayi. A kori yara daga wurin. Kada mutum ɗaya ya yi wannan aiki shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan rumfar ta karkata, a ɗaura igiya mai kauri a kan dirkokin gefe, kusa da gwafa. A sassauta ƙasar gindinsu. Mutane su ja a hankali zuwa ɗaya gefen, wasu kuma suna turawa da gwafa. Don a san ta miƙe, a ɗaura ƙaramin dutse a bakin zare, a sake shi kusa da dirka. Zaren zai nuna miƙewar gaskiya.

Mataki na 3: Zaɓen itace

Kirya ita ce gaba wajen jure gara da laima. Marke ma yana da ƙarfi. Azarar giginya, irin wadda ake samu a yankin Gaya, tana daɗewa a sama, musamman ɓangarenta mai duhu da tauri. Bedi, wanda wasu suke kira dogon yaro, yana da sauƙin samu a cikin gari da ƙauye, kuma babban reshensa yana yin dirka idan ya ƙosa. Itacen turare miƙaƙƙe ne, yana da kyau a sandunan sama, amma ƙaraminsa ba ya daɗewa cikin ƙasa. Gawo itacen gona ne mai albarka, yana gyara ƙasa, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne. Amma itacensa ba ya jure gara, saboda haka sare shi don dirka hasara ce biyu.

A kowane itace, zuciyar da ke tsakiya ita ce mai ƙarfi. Farin da ke gefe shi gara take fara ci. Ku zaɓi dirka mai babbar zuciya. Ku ɓare ɓawon duka, domin ƙwari a ƙarƙashinsa suke ɓuya. Ku jingine itacen a inuwa, a kan duwatsu, har ya bushe. Ɗanyen itace yana tsagewa, yana kuma ramewa, sai ɗauri ya kwance.

A tuna cewa sare itace yana da doka. Dokar gandun daji ta Nijar ta shekarar 2004 ta tsara yadda ake amfani da itatuwa, kuma akwai waɗanda aka hana sarewa sai da izini. Kafin ku sare babban itace, ko da a gonarku yake, ku tuntuɓi ma'aikacin gandun daji na garinku. Idan saye za ku yi, ku saya wurin mai izini.

Mataki na 4: Canja dirkar da ta mutu

Bayan an tokare, a kwance ɗauri, a tona, a zare tsohuwar dirka. A kwashe duk guntayen ruɓaɓɓen itace da suka rage a ramin, domin su ne abincin gara. A bi da dagi a zurfafa ramin. A ƙasar laka, santimita 60 ya isa. A rairayi, a kai santimita 75 ko 80, wato wajen kamu ɗaya da rabi.

A babbake gindin sabuwar dirka a wuta, har wajenta ya yi baƙi. Babbakar ta wuce inda ƙasa za ta tsaya da kamar tafin hannu biyu, tun da a nan ruɓewa take farawa. Kada a bari ta ƙone har ta tsattsage. Wasu suna ƙara shafa kwalta. Wasu kuma suna shafa baƙin man mota. Baƙin mai yana da guba: kada a zuba shi cikin rami, kada a yi aiki da shi kusa da rijiya, kada a shafa shi inda dabba za ta lasa.

A zuba tsakuwa a ƙasan ramin, kaurin yatsu huɗu. A tsai da dirka, bakin gwafarta yana bin layin sandar da za ta ɗauka. A riƙa zuba ƙasa da tsakuwa kaɗan-kaɗan, ana dannawa da taɓarya ko sanda mai nauyi. Wanda ya cika ramin gaba ɗaya sannan ya tattake da ƙafa, dirkarsa za ta yi girgiɗi tun daminar farko. A ƙarshe a tara ƙasa a gindin ta yi ɗan tudu, don ruwa ya gangare.

Mai halin sayen siminti ya lura. Idan aka rufe gindin itace da siminti har ta ƙasa, ya zama kamar tukunya. Ruwa zai shiga ya rasa mafita, itacen ya ruɓe da wuri. A bar tsakuwa a ƙasa, simintin ya zama zobe a kewaye kawai.

A gama da dirka ɗaya, a ɗaure ta, sannan a matsa da gwafar tokari zuwa ta gaba. Kada a cire biyu a lokaci guda.

Mataki na 5: Ceton dirkar da gindinta kawai ya lalace

Sau da yawa saman dirka yana da ƙarfi, gindin ne ya ruɓe. Irin wannan ba a yar da ita. A samo gajeren itace mai ƙarfi, tsawon mita ɗaya da rabi. A kafa rabinsa cikin ƙasa, manne da tsohuwar dirka. A sassaƙe gefen da za su haɗu da gizago don su zauna daidai. A ɗaure su da waya mai kauri a wuri biyu ko uku, a murɗa ta sosai. Idan akwai kafinta kusa, ya huda su ya sa dogon ƙarfe mai noti. Sannan a yanke ruɓaɓɓen gindin a fitar da shi.

A cikin birni wasu suna sa bututun ƙarfe a madadin dirka, mai walda ya yi masa gwafa. Gara ba ta cin ƙarfe, amma tsatsa tana cinsa, musamman inda fitsarin dabbobi yake taruwa. A shafa masa fenti, a kuma ɗaga simintin gindinsa sama da ƙasa.

Mataki na 6: Ƙarfafa rumfa don iska

Abu mai kusurwa huɗu yana karkata idan aka tura shi. Mai kusurwa uku ba ya karkata. Saboda haka a kowace kusurwar rumfa a ɗaura gajeriyar sanda a karkace, daga jikin dirka zuwa babbar sandar sama. A yi haka ta ɓangarori biyu. Wannan ƙaramin aiki shi ne yake hana rumfa sake kwanciya.

A ɗaure manyan sanduna da dirkoki, kada a bar su zaune cikin gwafa kawai. Nauyi yana danna su ƙasa, amma iska sama take ɗaga su. A canja duk igiyar da ta tsufa. Igiyar kaba ana jiƙa ta kafin a yi ɗauri, don kada ta karye.

Mataki na 7: Rufi

Rufin da yake shimfiɗe sosai yana tara ruwa. A sa dirkokin gefe ɗaya su fi na ɗaya gefen tsawo. A juya gefen da ya fi gajarta wajen gabas, inda ruwa da iska suke fitowa. Rufin ya zarce dirkoki da kamar kamu ɗaya, don ruwan da yake zuba ya faɗi nesa da gindinsu.

Idan zanar gamba ce ko ciyawa, a fara jerawa daga ƙasa zuwa sama, kowane layi yana rufe kan na ƙasa da shi. Idan kwano ne, a buga ƙusa a kan tudun kwanon, domin ta kwarin ruwa yake bi. Kada a danne kwano da duwatsu ko tubali a madadin ƙusa. Iska tana jefo su a kan mutane. Wanda tsohuwar ƙusa ko kwano ya yanka, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya je gidan likita a ranar, saboda ciwon tetanos mai sandarar da jiki.

Kulawa bayan gyara

A riƙa kwashe taki daga gindin dirkoki a kai gona. Kada a jingina kara ko itacen wuta a jikinsu. Kada a ɗaure dabba a dirka, a kafa mata turkenta dabam. Duk lokacin da aka ga hanyar gara, a kankare ta, a zuba toka a gindin. Idan garar ta yi yawa, a nemi shawarar malamin gona. Kada a sayi maganin ƙwari marar suna a kasuwa a zuba inda dabbobi suke ci. Sai harawa ta bushe sarai za a ɗora ta, a kuma baza nauyin ko'ina. Murhu da rumfa su yi nesa da juna.

Dirkar gobe tana gonarku

A shekarar 1983 wani ma'aikacin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki a Maraɗi, ya fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina ƙone kututturan da suke tohowa a gona. A zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Wannan shi ne sassaben zamani. Daga Maraɗi ya bazu, har gonaki masu faɗin miliyoyin eka suka sake samun itatuwa a kudancin Nijar. Manomin da yake yin haka yana samun sanduna daga sabara da kalgo da sauransu cikin ƴan shekaru. Wanda ya raini itace bana, ba zai sayi sandar rumfa ba nan gaba.

Aikin lissafi

Wata rumfa tana da tsawon mita 6 da faɗin mita 4. Tsakanin kowace dirka da ta kusa da ita mita 2 ne. Akwai layi 3, kowane layi yana da dirka 4. Dirkoki nawa ne duka? Da aka duba, 3 na canji ne, 2 na gyaruwa. Nawa ne masu kyau? Gyara ya kamata a yi, ko a kwance rumfar?

Tambayoyi don tattaunawa

1. A wane wuri dirka take fara ruɓewa, kuma don me?
2. Me ake yi kafin a cire dirka?
3. Wane itace ne ya fi daɗewa a ƙasar garinku?
4. Wa ya kamata a tuntuɓa kafin a sare babban itace?
5. A unguwarku, rumfar wa ta fi bukatar a yi mata gayya kafin damina?

Idan kun koma gida, ku ɗauki wuƙa da gawayi da littafinku, ku duba dirkokin rumfarku. Ku kawo abin da kuka rubuta a zama na gaba, mu karanta tare.